Hatsarin ƙananan jirage: Mintunan ƙarshe kafin sauka, da matuƙin da ba a bari ya ce a'a

Duk lokacin da wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi ko ya kauce daga titi a ƙasar nan, kusan kowa ya san abin da zai biyo baya. Hotuna za su cika Facebook da WhatsApp tun hayaƙi bai lafa ba. Hukumomi za su fitar da sanarwar jaje ko ta godiya ga Allah, a ce an fara bincike. Bayan mako guda wani labarin zai danne wannan, a rufe zancen da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Babu mai imani da zai musanta ƙaddara. Amma rahotannin masu bincike, a gida da waje, sun daɗe suna nuna cewa yawancin irin wannan hatsari yana farawa ne daga shawarar da wani mutum ya yanke: a tashi duk da rana ta kusa faɗuwa, a kutsa cikin hazo, a dage sai an sauka alhali jirgin bai daidaita ba. Matsayinmu shi ne, muddin ba a kare matuƙin da ya ce "ba zan tashi ba" ko "ba zan sauka ba", kuma ba a hana wanda bai cancanta ba riƙe jirgi komai girman muƙaminsa, to sayen sabbin jirage da gina sabbin filaye ba za su rage jana'iza ba.

Maganar ta shafi talaka fiye da yadda ake zato. Ƙananan jirage ne ake feshin tsuntsayen jan-baki da su a gonakin shinkafa da gero na Kebbi da Jigawa da Yobe. Su da jirage masu saukar ungulu ne ke kai ma'aikatan agaji garuruwan Borno da hanya ba ta kai wa cikin aminci. A cikinsu 'ya'yanmu ke koyon tuƙi a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, da kuma ta Ilorin. Sannan idan jirgi ya faɗi da gwamna ko babban hafsan soja, jiha ko ƙasa baki ɗaya ce ke ɗanɗana kuɗarta.

Me ya sa sauka ta fi wuya?

Jirgi yana tsayawa a sama ne saboda iskar da ke ratsa fuka-fukansa da gudu. Idan yana can sama yana tafiya, yana da abu biyu a ajiye: gudu da tazara daga ƙasa. Ko matuƙi ya yi kuskure, akwai lokacin gyarawa. Idan aka zo sauka kuwa, dole ya zubar da duka biyun da gangan. Zai rage gudu, ya matso kusa da ƙasa, ya saita jirgin da titi, ya yi magana da hasumiya, ya lura da iska, duk cikin 'yan mintuna.

Ɗauki Cessna 172, ƙaramin jirgi mai kujeru huɗu da ake koyon tuƙi da shi a ƙasashe da dama. Yana tunkarar titi da gudun kusan kilomita 120 a awa. Idan gudun ya yi yawa, jirgin zai yi ta shawagi a saman titi ya ƙi taɓa ƙasa, titin na ƙarewa a gabansa. Idan matuƙi ya danna hancinsa ƙasa da ƙarfi don ya tilasta masa sauka, tayar gaba ce za ta fara dukan kwalta, jirgin ya yi tsalle, ya dawo, ya sake tsalle mai tsanani fiye da na farko, har tayar ta karye ko farfela ta daki ƙasa.

Ga kuma iskar da ke kaɗowa daga gefe. Tana tura jirgin ta kawar da shi daga tsakiyar titi, sai matuƙi ya karkata fiffike ɗaya cikin iskar, ya yi amfani da ƙafafunsa wajen miƙar da hancin jirgin. Ƙarfin iskar gefe da masu ƙera Cessna 172 suka gwada jirgin a cikinta ya tsaya ne a kusan kilomita 28 a awa. Duk wanda ya taɓa ganin iskar da ke riga hadarin farkon damina isowa a Kano ko Sakkwato ya san tana iya zarce haka nesa ba kusa ba.

Alƙaluman Amurka, inda ƙananan jirage suka fi yawa a duniya, sun daɗe suna nuna abu guda: hatsarin sauka shi ya fi yawan aukuwa, amma ba kasafai yake kisa ba, domin jirgin ya riga ya rage gudu kuma yana dab da ƙasa. Wanda ya fi kisa shi ne jirgi ya ƙwace wa matuƙi tun yana sama. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta sha bayyana shi a matsayin babban sanadin mutuwa a ɓangaren ƙananan jirage.

Yadda jirgi ke ƙwace wa matuƙi

Fiffike yana ɗaga jirgi ne idan yana fuskantar iska a wata kusurwa madaidaiciya. Da zarar an ɗaga hanci har kusurwar ta wuce misalin digiri 15, iskar da ke bin saman fiffiken sai ta hargitse, ɗagawar ta ragu nan take. Matuƙa suna kiran wannan sitol. Mutane da yawa suna ɗauka injin ne ya mutu, alhali injin na iya kasancewa lafiya lau yana aiki. Fiffiken ne ya daina ɗaukar nauyi.

Wurin da wannan ya fi cin rayuka shi ne kwanar ƙarshe, lokacin da matuƙi ke juyowa don ya fuskanci titi. A ce iska ta tura shi ya ɗan wuce layin titin. Maimakon ya haƙura ya sake zagayowa, sai ya ƙara karkata jirgin, ya ja hanci, ya taka ƙafa don ya tilasta masa juyowa. Ƙarin karkata yana ƙara nauyin da fiffike ke ɗauka. A karkatar digiri 60, nauyin yana ninkawa biyu, kuma gudun da jirgi ke buƙata don kada fiffike ya saki yana ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin 100. Gudun da ya wadatar a daƙiƙa biyar da suka wuce ya zama bai isa ba. Fiffike ɗaya zai riga ɗaya saki, jirgin ya kifa ya fara juyi kamar mazari.

Ana koya wa ɗalibai yadda ake farfaɗowa daga wannan hali, amma ana yin gwajin ne can sama inda akwai tazara. A kwanar ƙarshe jirgin bai fi 'yan mitoci ɗari da ƙasa ba. Kafin matuƙi ya gama fahimtar abin da ya faru, an iso ƙasa.

Idan ido ya daina ganin ƙasa

Hanya ta biyu da jirgi ke ƙwacewa ta fi ban tsoro, domin jikin matuƙin ne da kansa ke yaudararsa. Abin da ke gaya wa ɗan Adam cewa yana tsaye ko ya karkata yana cikin kunnensa, kuma an halicce shi ne don tafiya a doron ƙasa. Idan jirgi ya karkata a hankali cikin duhu ko hazo, kunne ba ya ji. Matuƙi zai rantse cewa yana tafiya daidai, alhali yana gangarawa cikin kwana. Mafita ɗaya ce: ya ƙi yarda da jikinsa, ya bi na'urorin da ke gabansa. Wannan kuwa horo ne na musamman da ake ba da shaidarsa daban da lasisin farko.

Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Illinois ta Amurka a 1954 ya ɗauki matuƙa 20 da ba su da wannan horo, aka hana su ganin waje. Dukkansu jirgin ya ƙwace musu, a matsakaicin lokaci na daƙiƙa 178, wato ƙasa da minti uku.

Haka John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ya rasu da matarsa da 'yar'uwarta a ranar 16 ga Yulin 1999. Yana tuƙa ƙaramin jirgi ƙirar Piper da dare a saman teku cikin hazo, ba shi da shaidar tuƙi da na'ura. Masu sha'awar ƙwallo kuma ba za su manta da Emiliano Sala ba, ɗan wasan Ajantina da Cardiff ta saya daga Nantes ta Faransa. Ya rasu a ranar 21 ga Janairun 2019 lokacin da ƙaramin jirgin da ke ɗauke da shi ya faɗa tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila. Masu binciken Birtaniya sun gano cewa matuƙin ba shi da lasisin ɗaukar fasinja don kuɗi, ba shi da izinin tuƙin dare, sannan akwai alamun iskar guba daga hayaƙin injin ta shiga cikin jirgin. A 2021 kotu ta ɗaure mutumin da ya shirya tafiyar watanni 18. Wannan hukunci yana da darasi a gare mu: an bi sawun laifin har zuwa kan wanda ya tsara tafiyar yana zaune a ƙasa.

Yola, 25 ga Oktoban 2012

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A yammacin ranar 25 ga Oktoban 2012, jirgi ƙirar Cessna 208 Caravan ya faɗi kusa da Yola, bayan ya taso daga Jalingo. Mai tuƙa shi shi ne Gwamnan Taraba na lokacin, Danbaba Suntai, tare da wasu muƙarrabansa. Allah ya sa babu wanda ya mutu nan take, amma gwamnan ya samu mummunan rauni a kai. An kai shi Jamus, daga nan Amurka. Ya dawo gida a watan Agustan 2013 bayan kusan wata goma, bai sake komawa yadda yake ba, har ya rasu a watan Yunin 2017.

Rahoton hukumar binciken hatsarin jirage ta ƙasa, AIB a wancan lokaci, bai yi rufa-rufa ba. Ya ce marigayin yana da lasisin tuƙi na ƙashin kai, kuma ya cancanci tuƙa ƙaramin Cessna 172, amma ba shi da shaidar tuƙa Caravan, wanda ya fi girma da nauyi kuma injinsa na wani nau'i ne daban. Ba shi da shaidar tuƙi da na'ura, ba shi da izinin tuƙin dare, kuma tafiyar ta kai shi bayan faɗuwar rana. Rahoton ya kuma taɓo raunin sa ido daga hukumar da ke kula da harkar.

Ba muna tono wannan don cin zarafin wanda ya riga mu gidan gaskiya ba. Tambayar tana kan waɗanda ke raye. Jirgi ba ya tashi a ɓoye. Akwai wanda ya zuba mai, akwai wanda ya karɓi takardar tafiya, akwai masu kula da jirgin da suka san takardun mai tuƙa shi. A cikinsu wa yake da ƙarfin cewa "Ranka ya daɗe, yamma ta yi, a bari sai gobe"? Kuma da ya faɗa, wa zai tsaya masa idan aka sallame shi washegari?

Jihar Taraba ta biya farashin. Ta shafe sama da shekara biyu cikin taƙaddamar wane ne ke mulki. Garba Umar ya riƙe a matsayin muƙaddashi, aka yi ta ja-in-ja kan lafiyar gwamna, har Kotun Ƙoli ta maido da Sani Abubakar Danladi kujerar mataimakin gwamna a watan Nuwamban 2014. Tafiyar da ba ta kai awa guda ba ta jefa miliyoyin mutane cikin rashin tabbas.

Ƙura, zafi da hadari

Yanayin ƙasarmu yana da nasa tarkon. A lokacin hunturu hazo yana rage nisan gani har a soke tashin manyan jirage a Kano da Maiduguri da Yola. Ƙaramin jirgi da ke dogara da ido ya fi shiga haɗari, domin hazo yana shafe layin da ke raba sama da ƙasa, ko da rana tsaka.

Ga ƙurar da jirgi ke tayarwa da kansa. A ranar 2 ga Fabrairun 2019, jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya kife yayin sauka a Kabba ta jihar Kogi. Masu bincike sun ce iskar farfelar ce ta tayar da ƙura daga busasshen fili, ta lulluɓe jirgin, matuƙan suka daina ganin ƙasa a daidai lokacin da suka fi buƙatar ganinta. Mutum 12 da ke ciki sun tsira. Abin lura shi ne, yanayin filin abu ne da ake iya dubawa tun kafin jirgi ya iso. A lokutan yaƙin neman zaɓe jiragen 'yan siyasa suna sauka a filayen ƙwallo da na makarantu masu rairayi a duk faɗin Arewa, jama'a kuma na cunkushe a gefe.

Zafi ma yana da tasiri. Iska mai zafi ba ta da kauri, haka ma iskar wuri mai tudu. Filin jirgin Jos yana sama da mita 1,200 daga matakin teku, kuma a Maiduguri da Sakkwato zafin bazara yana haura digiri 40. A irin wannan hali jirgi yana taɓa ƙasa da gudu fiye da yadda aka saba, yana cin titi mai tsawo kafin ya tsaya, injin kuma ba ya ba da cikakken ƙarfinsa idan an so a sake hawa. Ƙara masa buhunan kaya da mutum ɗaya ko biyu da aka ce "a ɗan matsa musu", lissafin ya riga ya ɓaci tun daga ƙasa.

Sai damina. Gajimaren hadari yana sako iska mai ƙarfi da ke dukan ƙasa ta bazu, ta yadda jirgi mai sauka zai ji iska ta taho masa ta gaba, nan take kuma ta juya ta bayansa, gudunsa ya zube. A ranar 21 ga Mayun 2021, jirgin Sojan Sama ƙirar King Air 350 ya faɗi yana ƙoƙarin sauka a Kaduna cikin mummunan yanayi. Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da mutum 10 suka rasu. Wata uku kafin nan, a ranar 21 ga Fabrairu, wani jirgin irinsa ya faɗi kusa da filin jirgin Abuja yana ƙoƙarin komowa bayan ya ba da rahoton matsalar inji, mutum bakwai suka rasu.

Fasa sauka ba abin kunya ba ne

Akwai magani guda da kowane ɗalibi ke koya tun makonnin farko. Idan jirgi bai daidaita ba yayin tunkarar titi, wato gudu ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ko ya kauce daga layi, ko yana gangarowa da sauri, matuƙi ya ba da wuta, ya hau, ya zagayo ya sake gwadawa. Ƙa'idar da kamfanoni da yawa ke bi ita ce, idan an sauko ƙafa 500 daga ƙasa cikin yanayi mai kyau, ko ƙafa 1,000 cikin gajimare, jirgin bai daidaita ba, a fasa. Abin da za a yi asara shi ne 'yan mintuna da ɗan mai. Idan yanayin filin ne ya lalace, a karkata zuwa wani filin, ko a koma inda aka fito.

Me ya sa matuƙa ke ƙin yin hakan? Wani lokaci girman kai ne, kada a ce bai iya ba. Wani lokaci ƙarancin mai ne, domin an taso da ɗan abin da zai kai kawai. Jirgi mai saukar ungulu da ya faɗa kan gidaje a unguwar Opebi ta Legas a watan Agustan 2020, ya kashe mutum uku da ke ciki saura ƙiris ya isa fili, masu bincike sun tarar babu mai a tankinsa. Amma sau da yawa dalilin yana zaune ne a kujerar baya. A babban jirgin fasinja akwai ƙofa a kulle tsakanin matuƙi da matafiya, akwai kamfani da dokokinsa a bayansa. A ƙaramin jirgi, mai gidan da ke biyan albashi yana iya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar matuƙi. Ana jiransa wurin ɗaurin aure, ko taron jam'iyya, ko jana'iza. Ba sai ya yi tsawa ba. Duba agogo sau biyu ya isa.

Mu al'umma ce da ke girmama na gaba, kuma wannan abin alfahari ne. Amma a cikin jirgi, doka ta ba matuƙi kalma ta ƙarshe kan lafiyar tafiya, ko da shekarunsa ba su kai na ɗan mai jirgin ba. Babban da ya san ciwon kansa shi ne wanda zai gaya wa matuƙinsa tun ranar da ya ɗauke shi aiki cewa duk ranar da ya ce ba za a tafi ba, to ba za a tafi ba, kuma ba zai rasa ko sisi ba saboda haka.

Abin da masu jirage za su ce

Masu harkar suna da hujjojinsu, kuma ya kamata a saurare su. Za su ce hanyoyin mota sun zama tarkon masu garkuwa da mutane, don haka tafiya ta sama, ko da yamma ce, ta fi bin hanyar Abuja zuwa Kaduna a shekarun da ta yi ƙaurin suna. Za su ce kayan gyara da horon matuƙa da dala ake biya, naira kuma ta faɗi. Za su ce tsaurara doka zai kori masu zuba jari.

Akwai gaskiya a ciki. Sai dai matsalar hanya hujja ce ta a tashi da wuri, ko a kwana a tafi da safe. Tsadar horo kuma ba ta kai tsadar jirgin da ya ƙone ba, balle rai. Wanda ya iya sayen jirgi amma ya ce ba zai iya biyan horon matuƙinsa ba, bai isa mallakar jirgi ba tukuna.

Batun doka kuwa, abin da ake gani shi ne ana kauce wa wadda ke akwai. A ranar 3 ga Nuwamban 2023, wani jirgi ƙirar Hawker da ke ɗauke da Ministan Lantarki, Adebayo Adelabu, ya yi hatsari yayin sauka a Ibadan da dare, ba a rasa rai ba. Rahoton farko na hukumar bincike ta NSIB ya nuna cewa izinin da jirgin ke aiki da shi bai ƙunshi ɗaukar fasinja don kuɗi ba. Bambancin yana da muhimmanci, domin jirgin haya yana ƙarƙashin sharuɗɗa masu tsauri kan horo da gyara da hutun matuƙa. Mai jirgin ƙashin kai da ke haya a ɓoye yana karɓar kuɗin haya ba tare da ɗaukar nauyin waɗannan sharuɗɗa ba, fasinja kuma bai sani ba. A 2024 ma'aikatar sufurin jiragen sama ta kafa kwamiti kan wannan haramtacciyar haya. Jama'a na da haƙƙin ganin sakamakon a aikace: jirage nawa aka dakatar, su wa aka hukunta.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, hukumar NCAA ta mayar da binciken ba-zata a filayen jirage abin yau da kullum, musamman ga jiragen ƙashin kai da na gwamnatocin jihohi. A duba lasisin matuƙi, da nau'in jirgin da aka amince ya tuƙa, da izininsa na dare da na na'ura, kafin a bar shi ya motsa. Jami'in da ya hana jirgin babban mutum tashi bisa ƙa'ida ya samu kariya a rubuce daga sauyin wurin aiki na ramuwar gayya.

Na biyu, NCAA ta wallafa a shafinta na intanet jerin kamfanonin da ke da izinin haya tare da lambobin jiragensu, a riƙa sabunta shi, ta yadda duk mai shirin ɗaukar shata zai duba a wayarsa cikin minti ɗaya.

Na uku, rahotannin bincike su fito a kan lokaci. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ce rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma cikin shekara guda idan zai yiwu, kuma manufarsa hana sake aukuwa ce. Rahoton da ya fito bayan shekara biyar ya zama tarihi. NSIB ta kuma riƙa fitar da taƙaitaccen bayani da Hausa da sauran manyan harsuna. Jiragen soja ba sa ƙarƙashin waccan ƙa'ida, amma babu abin da zai hana rundunar Sojan Sama fitar da darussan da ba su taɓa sirrin tsaro ba. Iyalan waɗanda suka rasu a Kaduna da Abuja a 2021 sun cancanci hakan, haka ma matasan matuƙan da ke hawa irin waɗannan jirage a yau.

Na huɗu, gwamnonin da ke gina filayen jirage su sani cewa kwalta da dogon gini ba su ne fili ba. Fili shi ne fitilun titi masu aiki, da na'urorin da ke jagorantar jirgi zuwa ƙasa, da ma'aikatan NiMet da ke ba da rahoton iska na wannan sa'a, da motar kashe gobara mai ruwa a ciki, da shinge. A 2005 jirgin Air France ya afka wa garken shanu a kan titin filin Fatakwal. Idan hakan ta faru a filin ƙasa da ƙasa, sai a yi tunanin ƙaramin filin da ba a sauka a cikinsa sai sau ɗaya a mako.

Na biyar, makarantun Zariya da Ilorin su ba horon farfaɗowa daga karkacewar jirgi da fasa sauka muhimmancin da ya kamata, su kuma koya wa ɗalibai yadda ake gaya wa na gaba a'a cikin ladabi ba tare da ja da baya ba. Kamfanoni su rubuta a dokokinsu cewa ba a tuhumar matuƙi don ya fasa sauka ko ya karkata zuwa wani fili.

Na ƙarshe ya rage ga mai hawa. Idan matuƙi ya ce hazo ya yi yawa, ko kaya sun yi nauyi, ko rana ta yi nisa, aikinsa yake yi, kuma ransa na cikin jirgin nan tare da naka. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Za a iya ɗaura aure ta hannun wakili, za a iya ɗage taro zuwa gobe. Ana shiga wata kakar siyasa, jirage za su sake cika filayen ƙwallo da ƙananan tituna daga Birnin Kebbi zuwa Jalingo, kuma hukumomi suna da rahotannin Yola da Kabba da Ibadan a kan teburinsu. Su aiwatar da abin da ke ciki kafin a tashi.